Tupac Shakur: ɗan da ya yi wa uwarsa waƙa, shi kuwa yana kaso

Masu karatu, da yawa daga cikinmu mun san fuskar nan ko da ba mu san sunan mai ita ba: kai a aske ƙwal, an ɗaure da ƙyalle, a jikin rigunan samari da bangon shagon masu aski. Sunansa Tupac Shakur, mawaƙin rap na Amurka. Mu dai abin da ya ja hankalinmu a tarihinsa, uwarsa ce.

Sunanta Afeni Shakur, ƴar ƙungiyar Black Panther mai fafitikar ƙwato ƴancin baƙar fata. A shekarar 1969 aka kama ta tare da ƴan ƙungiyar, mutum 21 ake tuhuma da shirin dasa bama-bamai a birnin New York. Wani ɓangare na cikin Tupac a gidan kaso ta yi renonsa. Ba ta karanta shari'a ba, amma da bakinta ta kare kanta gaban alƙali, aka wanke su a watan Mayu na 1971. Ranar 16 ga Yuni ta haihu. Ta raɗa masa sunan Tupac Amaru, wani jagora na ƙasar Peru da ya yi wa Turawan Sipaniya tawaye har suka kashe shi a 1781.

Yaron ya tashi babu uba a gida, babu kuɗi, yau nan gobe can saboda kuɗin haya. A 1984 suka koma Baltimore, inda ya shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo da rubuta waƙe da rawa. Nan ne harshensa ya goge. Sai dai a 1988 suka sake ƙaura zuwa Marin City a jihar Kalifoniya, a lokacin kuma uwar tana fama da shan hodar iblis. Matar da ta tsaya gaban kotu ba ta girgiza ba, ga ta ƙwaya ta kayar. Tupac ya bar gida, ya bar karatu.

Wannan tashi shi ne jarin kaset ɗinsa na uku, Me Against the World, wato ni kaɗai da duniya, wanda ya fito ranar 14 ga Maris 1995. Waƙoƙin cike suke da tsoron mutuwa da rashin yarda da mutane. Ana cikin haɗa kaset ɗin ne ma, a ƙarshen Nuwamba 1994, aka harbe shi sau biyar a New York, ya tashi. Amma waƙar da ta fi shiga zuciya ita ce Dear Mama. Bai ɓoye shaye-shayen uwar ba, bai ɓoye faɗan da suka yi ba, sannan ya yi mata godiya kan yadda take dawowa aiki a gajiye ta ɗora tukunya da ɗan abin da ya samu. Duk macen da ta wuni a rana kan tire ko buhun gero don yara su ci, ba sai an fassara mata ba.

Kada mu yi masa kwalliyar da ba tasa ba. Ranar da kaset ɗin ya fito yana kaso, bayan kotu ta same shi da laifin cin zarafin wata mata. Mai yabon uwa, ga shi an ɗaure shi kan ƴar wani. Duk da haka kaset ɗin ya hau sahun farko a kasuwar Amurka har sati 4.

A Oktoba 1995 aka yi belinsa kan dala miliyan 1 da dubu 400, dalar Amurka fa, ba tamu ta kasuwa ba. Bai cika shekara a waje ba aka harbe shi cikin mota a Las Vegas ranar 7 ga Satumba 1996, ya cika ranar 13, yana da shekara 25. Sai a 2023 aka kama wani mutum aka tuhume shi da hannu a kisan.

Afeni kuwa ta bar ƙwaya tun ɗanta na raye. Ita ta riƙe dukiyarsa da waƙoƙin da ya bari, tana fitar da su, har ta rasu a watan Mayu na 2016.