M. G. Smith: Baƙon da Ya Nazarci Matsayin Mutane a Ƙasar Hausa

An haifi Michael Garfield Smith a birnin Kingston na ƙasar Jamaika a shekarar 1921. Ya kasance ɗalibi mai hazaƙa, har ya sami tallafin karatu zuwa Jami'ar McGill ta Kanada. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse masa karatu, domin ya shiga sojan Kanada ya yi yaƙi a Turai. Da yaƙi ya ƙare, sai ya tafi Landan ya karanta ilimin nazarin al'umma da al'adu.

A shekarar 1949 ya zo lardin Zazzau tare da matarsa Mary. Sun zauna cikin jama'a, suna tambayar manoma da 'yan kasuwa da masu sarauta yadda suke rayuwa. Tambayar da ta fi damun Smith ita ce: me ke ɗaukaka wani a kan wani, kuma ko ɗan talaka zai iya hawa sama?

Bincikensa ya nuna cewa a wancan zamani masu sarauta ne a sama. Malamai da attajirai suna biye da su, sannan yawancin manoma da masu sana'a. Mahauta da makaɗa da 'yan dako kuwa ana ajiye su a ƙasa, duk da amfaninsu ga jama'a. Ya kuma bayyana kalmomi biyu masu muhimmanci. Karda ita ce sana'ar da mutum ya gada, shigege kuwa wadda ya shiga da kansa. An fi girmama ta gado. Amma ƙofa ba a rufe take ba: ta hanyar barance ko ilimi ko dukiya mutum yakan ɗaukaka, har bayi ma sun riƙe manyan sarautu a Zazzau.

Mary ta rubuta tarihin wata tsohuwa, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo. Smith ya wallafa Government in Zazzau a 1960, da The Affairs of Daura a 1978. Ya koyar a Jamaika, da Kalifoniya, da Landan, daga baya kuma a Jami'ar Yale ta Amurka. Ya rasu a Ingila a 1993, kuma littafinsa kan mulkin Kano bai fito ba sai a 1997.

Hausawa kan ce gado ba na rago ba ne. A yau makaranta ta buɗe wata hanyar ɗaukaka, amma tambayar Smith tana nan. Duk ɗalibin da ya shiga kasuwar Azare zai iya tambayar maƙeri ko maɗinki: sana'arka karda ce ko shigege?