Tarihin Klara von Neumann, Akawun Injin Lissafi

An haifi Klara Dan a Budapest, babban birnin ƙasar Hangari, ran 18 ga Agusta 1911. Ba ta yi karatun lissafi mai zurfi ba. Cikin 1938 ta auri John von Neumann, mashahurin masanin lissafi, suka zauna a Princeton ta Amurka. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta kama aiki a ofishin binciken yawan jama'a na jami'ar garin, nan hannunta ya faɗa da alƙaluma.

Bayan yaƙi, masanan Los Alamos, inda aka ƙera bom na atom, suna so su san yadda ƙwayoyin nan da a ke kira niyutron su ke yaɗuwa cikin bom. Gwaji kuwa da tsada, ga haɗari. Sai suka yi dabara, watau a bi sawun ƙwayoyin ɗaya ɗaya bisa ƙuri'a, sa'an nan a haɗa jimla. Suka sa wa dabarar suna Monte Carlo.

To, wa zai faɗa wa inji abin da zai yi? Injin nan, ENIAC, nauyinsa wajen tan 30 ne, amma ba ya gane kome sai lambobi. Klara ce ta juya shirin masanan ya zama umurni daki-daki. Cikin bazarar 1948 ita da Nicholas Metropolis suka tafi Aberdeen ta Maryland, suka sa injin ya yi lissafin, amsa tana fitowa a katuna masu huji. Lamba guda in ta kuskure, wahalar kwanaki ta tashi a banza. Daga baya ta rubuta bayanin yadda aka yi aikin.

Mijinta ya rasu cikin 1957. Ita kuma ta nutse a teku a La Jolla ta Kalifoniya ran 10 ga Nuwamba 1963.

An daɗe ana yabon masanan, ita ba a ambatonta. Malamai da akawuna na Jega da Maiyama, da masu karatun kwamfuta a jami'ar kimiyya da aka kafa a Aliero cikin 2006, sai ku lura: kome zurfin ilmin masani, bincikensa yana rataye ne a hannun mai rubuta umurnin.