Arthur Wharton, Baƙar Fata na Farko a Gasar Lig ta Ingila (1865–1930)

Gabatarwa

A duk inda masu sha'awar ƙwallon ƙafa suka taru, ba a rasa musu a kan 'yan Afirka da ke wasa a ƙasar Ingila, wane ya fi wane iya taka leda, wane ya fi wane albashi. Sai dai da wuya a ji wani ya tambayi ko wane ne ya fara share wannan hanya. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a kawo taƙaitaccen tarihin wannan mutum, wato Arthur Wharton, tare da nuna yadda rayuwarsa ta zo daidai da kafuwar gasar lig, da kuma yadda sana'ar da ta ɗaukaka shi ta kasa rufa masa asiri a ƙarshen kwanansa.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Arthur Wharton ranar 28 ga Oktoba, 1865, a unguwar Jamestown ta birnin Akra, cikin ƙasar Gwalkwas, wadda ake kira Gana a yau. Mahaifinsa, Henry Wharton, mutumin tsibirin Girenada ne, kuma babban malamin mishan na cocin Metodis. Mahaifiyarsa kuwa, Annie Florence Grant, tana da dangantaka da gidan sarautar Fante. Ke nan a gidan wadata da ilimi ya buɗe ido. Mahaifin ya rasu a 1873, yaron bai wuce shekara takwas ba. A 1882 dangi suka tura shi Ingila don ya yi karatun aikin mishan, ya gaji ubansa. Ya fara da wata kwaleji a Cannock, daga bisani ya koma kwalejin Cleveland da ke garin Darlington. To, a nan ne fa filin wasa ya rinjayi aji.

Gwanin Gudu

Da gudu aka fara saninsa, ba da ƙwallo ba. A watan Yuli na 1886, a filin Stamford Bridge da ke Landan, ya shiga gasar ƙasa ta masu tsere, ya gama yadi 100 cikin daƙiƙa 10 cif, abin da aka lissafa a matsayin bajinta ta duniya a wancan zamani. Ya sake lashe wannan tsere a 1887. Ban da gudu, gwani ne a wasan kurket, har ya riƙa samun abin kashewa da shi, kuma yakan taɓa tseren keke.

Tsaron Gida da Kafuwar Lig

Abin mamaki shi ne, mutumin da babu mai kamo shi a guje, a bakin raga aka tsayar da shi. Ya fara tsare wa kulob ɗin Darlington gida a 1885. Ya kamata mai karatu ya san cewa tsaron gida na wancan lokaci ba irin na yanzu ba ne. Doka ta yarda mai tsaron gida ya taɓa ƙwallo da hannu a ko'ina cikin rabin filinsu, ba a taƙaita shi ga da'irar gidansa ba sai a 1912. Haka kuma an yarda abokan hamayya su bangaje shi, su tura shi cikin gida da shi da ƙwallon. Saboda haka aikin yana bukatar ƙarfi da zafin nama da rashin tsoro, kuma Wharton ya haɗa su duka. An san shi da naushin ƙwallo ya yi nisa da ita, da kuma wasu 'yan dabaru na burge 'yan kallo.

A wannan lokaci ƙwallon Ingila tana cikin sauyi. Da can wasan 'ya'yan manya ne, masu ganin karɓar kuɗi don wasa abin kunya ne. Amma kulob-kulob na garuruwan masaƙu da masana'antu a arewacin ƙasar suna biyan 'yan wasansu a ɓoye, har dai hukumar ƙwallo ta halatta biyan a 1885. Da albashi ya hau wuyan kulob, sai ya zama dole a sami wasanni tabbatattu masu kawo kuɗin ƙofa kowane mako. Wannan ne ya sa William McGregor na Aston Villa ya kawo shawarar da ta haifi gasar lig a 1888, da ƙungiyoyi 12.

Kulob ɗin da ya fi kowane ƙarfi a lokacin shi ne Preston North End, kuma shi ya ɗauki Wharton. Da shi a raga suka kai wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA a 1887, inda West Bromwich Albion ta fitar da su da ci 3 da 1. A 1888 ya bar su ya koma Sheffield don ya yi tsere na kuɗi. Kakar da ta biyo baya Preston ta lashe lig na farko, wasa 22 ba a ci ta ko sau ɗaya ba, ta haɗa da Kofin FA. Ashe da ƙafarsa ya fita daga ɗakin ana gab da raba ganima.

A 1889 ya dawo ƙwallo, ya sa hannu da Rotherham Town a matsayin ɗan wasa mai albashi. Da wannan ne galibin masana tarihin wasa suke ɗaukarsa baƙar fata na farko da ya mai da ƙwallo sana'a. Kafin shi an yi Andrew Watson, wanda ya buga wa ƙasar Sikotilan a 1881, amma shi a lokacin ba don kuɗi yake wasa ba. A 1894 Sheffield United ta ɗauki Wharton, sai dai ya tarar da wani ƙaton saurayi, William Foulke, wanda ya kankane ragar. Duk da haka a watan Fabrairu na 1895 an sa shi a wasansu da Sunderland, ya zama baƙar fata na farko da ya buga a rukuni na ɗaya na lig. Daga nan ya yi ta yawo a ƙananan ƙungiyoyi, irin su Stalybridge Rovers da Ashton North End, har ya rufe da Stockport County a 1902.

Ƙofofin da Suka Ƙi Buɗuwa

A lokacin da tauraronsa ke haskawa, akwai marubuta wasanni da suka nemi a sa shi cikin 'yan wasan Ingila, amma ba a taɓa kiransa ba. Wasu jaridu kuma da launin jikinsa suke kiransa maimakon sunansa. Sai a 1978 aka sami baƙar fata, Viv Anderson, ya buga wa babbar tawagar Ingila. A 1893 Wharton ya nemi aikin gwamnati a Gwalkwas, aka hana shi. Ga shi ɗan gidan sarauta mai ilimi, amma a idon hukuma ɗan wasa ne kawai.

Ƙarshen Rayuwarsa

Ɗan ƙwallo na wancan zamani ba shi da fansho, albashinsa kuma bai fi na ƙwararren ma'aikaci da yawa ba. A 1901 ma lig ta ƙayyade cewa kada a biya kowa fiye da fam 4 a mako, kuma ba a soke ƙayyade albashi ba sai a 1961. Wharton ya taɓa riƙon gidajen giya tun yana wasa, kuma shaye-shaye ya yi masa illa. Da ƙarfi ya fara ƙarewa sai ya koma leburanci a mahaƙar kwal ta Yorkshire Main da ke Edlington, yana jan taragun kwal. Ya rasu a watan Disamba, 1930, yana da shekara 65, bayan doguwar jinya, ba shi da ko anini. Aka binne shi a maƙabartar Edlington, kabarin babu ko alamar suna.

Shekara 67 kabarin ya yi a haka, sai a 1997 wata ƙungiyar yaƙi da wariyar launi ta birnin Sheffield ta tara kuɗi aka kafa masa dutse. A 2003 aka sa sunansa cikin jerin gwarazan ƙwallon Ingila, a 2014 kuma aka kafa mutum-mutuminsa a St George's Park, cibiyar horar da 'yan wasan ƙasar da ba ta taɓa kiransa ba.

Kammalawa

Mun ga yadda Wharton ya fito daga gidan wadata a Akra, ya yi suna a Landan da Preston, ya ƙare a mahaƙar kwal. Wani ɓangare na faɗuwarsa laifin kansa ne, wani kuma na zamanin da ya ci moriyar ƙafarsa da hannunsa, ya ƙyale shi da ya tsufa. Hausawa kan ce kowa ya daɗe ya ga daɗau, amma shi bai daɗe ya ga ranar da za a tuna da shi ba. Haƙƙi ne a kan ɗalibai da manazarta su riƙa tono tarihin irin waɗannan mutane su rubuta, tun kafin a nemi kabarinsu a rasa.