Janar Seyni Kountché: sojan da ya karkata kuɗin yuraniyom zuwa karkara

Ranar 10 ga watan Nuwamba 1987 ne Allah ya yi wa Janar Seyni Kountché rasuwa a wani asibiti da ke birnin Paris, bayan ya shafe shekara 13 yana mulkin Nijar. Har yau, idan hira ta kai kan yadda ake kashe kuɗin gwamnati, a fada ce ko a tasha, da wuya a tashi ba a ambaci sunansa ba. Wasu na tuna shi da hatsin da ya isa ƙauyukansu lokacin yunwa, wasu kuma da 'yan uwansu da aka tsare shekaru ba shari'a. A tsakanin waɗannan akwai labarin yadda gwamnatinsa ta tallafa wa ƙungiyoyi da ayyukan jama'a, inda kuɗin suka fito, da abin da ya faru da suka ƙare.

Daga Fandou zuwa bariki

An haifi Seyni Kountché a 1931 a Fandou, cikin yankin Filingué, a gidan sarautar Zabarmawa na Tondikandia. Ya fara lakkol a Filingué, daga nan aka tura shi makarantun 'ya'yan soja na Kati a Mali da Saint-Louis a Senegal. Ya shiga rundunar Faransa a 1949, ya yi yaƙi a Indocin da Aljeriya, sannan ya samu horon hafsoshi a Fréjus. Bayan samun 'yancin kai ya dawo cikin rundunar Nijar a 1961, ya yi ta hawa har ya zama babban hafsan hafsoshi a 1973.

Taimakon da ya ɓata hanya

Ya karɓi wannan muƙami ne lokacin da fari ya kai maƙura. Tun daga 1968 damina ke gazawa, dabbobi suka mutu da yawa, makiyaya da manoma suka yi cincirindo a bakin garuruwa suna jiran abinci. Ƙasashen waje sun aiko da hatsi, amma zargi ya yi yawa cewa wasu na kusa da mulki na ɓoye shi suna sayarwa da tsada. Sojoji na cikin masu jigilar wannan taimako zuwa karkara, saboda haka sun ga halin da ake ciki da idonsu.

A daren 15 ga Afrilu 1974, sojoji suka kifar da gwamnatin Diori Hamani. An kashe matarsa Hajiya Aïssa a cikin wannan dare, shi kuma aka tsare shi. Laftanar-kanar Kountché ya zama shugaban Majalisar Ƙoli ta Soja, CMS, aka jingine kundin tsarin mulki, aka rushe majalisar dokoki, aka haramta jam'iyyu. Babbar hujjar da sojojin suka bayar ita ce yunwa da karkatar da taimako, kuma aikinsu na farko shi ne rabon hatsi da irin shuka kafin damina ta faɗi. Tun daga ranar, mutane suka riƙa auna mulkin Kountché da mudu guda: ko abin da aka ware wa talaka ya isa hannunsa.

Shekarun yuraniyom

Sa'a ta zo masa daga arewa. Kamfanin Somaïr ya fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, farashi ya tashi bayan rikicin man fetur na 1973, sannan Cominak ya fara aiki a Akouta a 1978. Gwamnatin soja ta sallami sojojin Faransa daga ƙasar, ta nemi ƙarin farashi, ta kuma kafa ofishin ONAREM domin riƙe kason Nijar a harkar ma'adinai. Zuwa 1981 abin da ake haƙowa ya wuce tan 4,000 a shekara, kuma yuraniyom ne ke kawo kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin da ƙasar ke samu daga kayan da take fitarwa.

Kaso mai tsoka na wannan kuɗi an riƙa zuba shi a asusun zuba jari na ƙasa, FNI, domin a raba shi da kuɗin albashi da hidimar ofisoshi. Daga wannan asusu, haɗe da basussuka da taimakon ƙasashen waje, aka gina azuzuwa da ɗakunan shan magani, aka haƙa rijiyoyi. An shimfiɗa hanyar Tahoua zuwa Arlit mai tsawon sama da kilomita 600, wadda kamfanonin ma'adinai suka ɗauki nauyinta. Kamfanin Sonichar ya fara ba da lantarki daga gawayin Anou Araren. A Yamai aka ga otal ɗin Gaweye da babban zauren taro na Palais des Congrès. Abin da ya fi daɗa wa talakan karkara rai shi ne soke harajin kai kafin ƙarshen shekarun 1970, lanhon da ya sha sa magidanci sayar da akuyarsa ko ya tsallaka iyaka.

A fannin noma, manufar ita ce ƙasa ta ci da kanta. An kafa ONAHA a 1978 domin kula da gandarin noman rani, irin na Konni da Galmi da Djirataoua da na bakin kogin Kwara. An kuma buɗe manyan ayyukan raya karkara jiha jiha, kowanne da mai ba shi kuɗi: Bankin Duniya a Maradi, Tarayyar Turai ta wancan lokaci a aikin 3M na Mirriah da Magaria da Matameye, Jamus a Tahoua, Amurka a jihar Yamai. OPVN kuma na sayen hatsi da kaka yana ajiyewa domin ranar wuya.

Samariya da ƙungiyoyin manoma

Da yake babu jam'iyya, Kountché na buƙatar hanyar da zai isa ga jama'a. Sai ya ɗauko Samariya, tsohuwar ƙungiyar matasa ta ƙasar Hausa mai sarkin samari da aikin gayya, ya shimfiɗa ta a duk faɗin ƙasa, har a yankunan da ba su san ta ba. Tsarin ba shi da wuyar fahimta: hukuma ta kawo siminti da kwano da kayan aiki, samari su kawo ƙarfi. Ta haka aka gina azuzuwa da gidajen Samariya, aka dasa itatuwa, aka share unguwanni. Gwamnati ta ɗauki nauyin bikin matasa na ƙasa da ke zagaya jihohi, da gasar kokawa ta ƙasa wadda aka fara a Tahoua a 1975, inda Yacouba Kantou na Maradi ya zama zakara. Ƙungiyar matan Nijar, AFN, da ƙungiyar addinin Musulunci ta ƙasa, AIN, su ma a ƙarƙashin inuwar gwamnati suka tashi.

Ƙafa ta biyu ita ce ƙungiyoyin gama kai na manoma, ƙarƙashin UNCC. Ta nan ake ba da taki mai rangwame, da bashin shanun huɗa da garma da amalanke daga bankin manoma CNCA. Ana ɗaukar magidanci da matarsa a kai su cibiyar horo su yi damina guda, su dawo da kayan aiki a kan bashi, ƙauye baki ɗaya ya tsaya musu. A 1983 aka haɗa waɗannan ƙafafu biyu cikin tsarin Société de développement, mai majalisu tun daga ƙauye har zuwa Majalisar Raya Ƙasa, CND.

Sai dai tallafin na tafe da linzami. Ƙungiyar da hukuma ba ta amince da ita ba, ba ta da wurin zama, balle ta samu ko dala. Sarakuna da jami'an mulki ke da ta cewa wajen zaɓen shugabanni, kuma Samariyar da ke gina aji ita ce ke tara jama'a su tarbi manyan baƙi, wasu ma na kallon ta a matsayin kunnen gwamnati a unguwa. Kountché ya yi suna wajen faɗa wa ofisoshi ba sanarwa da tsige jami'in da aka samu da wasa da dukiyar jama'a. Amma binciken daga sama kawai yake saukowa. Babu majalisa, babu jarida mai zaman kanta da za ta tambayi inda kuɗi suka shiga. Kwamandan Sani Souna Sido, mataimakinsa a CMS, an kama shi a 1975, ya rasu a tsare. Djibo Bakary ma ya sha ɗauri. A watan Oktoba 1983, yana taro a Vittel ta Faransa, Amadou Oumarou Bonkano, mai ba shi shawara da ya tara dukiya a gindin fada, ya yi yunƙurin kifar da shi sannan ya tsere.

Da rijiya ta ƙafe

Daga 1980 farashin yuraniyom ya fara faɗuwa, alhali basussukan da aka ci da fatan zai ci gaba da tashi sun isa biya. A taron Damagaram na Nuwamba 1982, jami'an gwamnati da kansu suka amince cewa manyan ayyukan karkara sun ci kuɗi fiye da amfanin da suka kawo, domin an tsara su a ofis ba a tambayi manomi ba. Aka yanke shawarar komawa ga ƙananan ayyuka da ƙauye zai iya riƙewa. A 1983 Nijar ta shiga yarjejeniya da asusun IMF, aka fara rage rangwamen taki, aka taƙaita ɗaukar ma'aikata, aka soma rufe ko sayar da wasu kamfanonin gwamnati. Bashin da manoma suka kasa biya ya durƙusar da CNCA, UNCC kuma aka rushe ta aka kafa wata a madadinta.

Ana cikin haka farin 1984 ya faɗo, Najeriya kuma ta rufe iyakokinta tun watan Afrilu na shekarar har zuwa 1986, abin da ya shaƙe kasuwancin Maradi da Konni da Damagaram. Mutumin da yunwa ta buɗe wa ƙofar mulki ya sake fuskantar yunwa, wannan karo da baitulmali marar nauyi. Ya nemi taimakon ƙasashen duniya a fili, ya sa sojoji da jami'ai rabon abinci, ya kuma tura jama'a fadamu da bakin tabkuna domin noman rani. A watan Mayu na wannan shekara aka yi babban taron Maradi kan yaƙi da hamada, a Keita kuma aikin farfaɗo da ƙasa da Italiya ta ba da kuɗinsa ya kankama.

Ƙarshen tafiya

A ƙarshen 1986 ciwon ƙwaƙwalwa ya bayyana a jikinsa, ya riƙa kai da kawowa tsakanin Yamai da Paris. A watan Yuni 1987 aka yi ƙuri'ar raba gardama kan Yarjejeniyar Ƙasa, matakin da ya ce zai kai ga komawa tsarin mulki, amma bai ga ƙarshen aikin ba. An yi jana'izarsa aka rufe shi a Fandou, Kanar Ali Saibou ya gaje shi.

Samariya ba ta daɗe a bayansa ba. An shigar da ita cikin jam'iyyar MNSD a 1989, kuma bayan babban taron ƙasa na 1991 ta dusashe, ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke neman kuɗi daga waje suka cike gurbin. Gandarin Konni da na Djirataoua na nan ana noma su, kokawa ta zama wasan da ya fi tara 'yan Nijar, hanyar Arlit kuma ta daɗe tana jiran gyara. Babban filin wasa na Yamai, wanda ƙasar Sin ta gina aka buɗe bayan rasuwarsa, shi ke ɗauke da sunansa.