Marigayi Alhaji Mamman Shata, Mawaƙin Da Ya Tara Iyali a Gindin Rediyo

A ƙasar Hausa ta da, kowane rukuni na jama'a da irin kiɗansa. Sarakuna suna da tambari da kakaki da algaita, manoma suna da gangar noma, 'yan dambe da 'yan kokawa suna da nasu makaɗan, mata kuma suna da kiɗan ƙwarya a cikin gida. Da wuya a sami kiɗan da maigida da uwargida da yara za su zauna wuri ɗaya su saurara. Marigayi Alhaji Mamman Shata yana cikin 'yan ƙalilan ɗin da suka karya wannan shinge, ga shi kuwa ya fito ne daga gidan da ba a son a ji an ambaci waƙa.

An haifi Shata a garin Musawa ta ƙasar Katsina a shekarar 1923. Mahaifinsa, Malam Ibrahim Yaro, bai gaji roƙo ba, saboda haka ya ɗauki waƙa abin kunya ga zuriyarsa, ya kuma yi iyakar ƙoƙarinsa don ya raba ɗansa da ita. An sa yaron makarantar allo kamar sauran tsararsa, daga baya ya taɓa tallan goro da na alewa, amma duk inda aka kafa dandali da dare, can za a same shi yana rera waƙa ba don kuɗi ba. Da iyaye suka ga abin ya zama jiki, sai suka haƙura.

Arzikin Shata ya buɗe ne a yankin noma na kudancin Katsina. Ya zauna a Bakori a ƙarƙashin wani ɗan sarautar Musawa, Abdullahi Inde, ma'aikacin En'e mai kula da cinikin auduga da gyaɗa. A wancan zamani, da zarar kaka ta yi aka buɗe kasuwar auduga a ƙasashen Funtua da Bakori da Malumfashi, kuɗi kan shiga hannun manoma da dillalai da direbobi, a yi ta bukukuwa. Waɗannan su ne mutanen da suka fara ɗaukar nauyin Shata. A 1952 ya yi wasa a Bikin 'Yan Sarki a Kano, daga nan sunansa ya shiga fada da birni. A 1960 ya koma Funtua, wadda ta zama gidansa kusan shekara 40.

Kalangu, wanda shi ne kiɗan Shata, an san shi da mahauta, ba ya cikin kayan kiɗan sarauta irin kotso da taushi da su Narambaɗa da Ɗankwairo da Sarkin Taushin Katsina suka shahara da su. Shata ne ya ɗaga darajarsa har ya shiga gaban sarakuna da gwamnoni. Tsarinsa kuwa mai sauƙin kamawa ne. Shi zai kawo jagora, 'yan amshi su maimaita gindin waƙa, makaɗa su riƙe zaren kiɗa, shi kuma ya yi ta ɗora sababbin ɗiya nan take, gwargwadon wanda yake zaune a gabansa. Shi ya sa Bakandamiya, babbar waƙarsa ta kirarin kai, ba a rera ta sau biyu iri ɗaya.

A nan ya kamata ɗalibai su lura da wani abu. A shekarar da Shata ya koma Funtua ce shahararren mai busa ƙaho na Amurka, Louis Armstrong, ya ziyarci Nijeriya da kiɗan jaz, wanda baƙaƙen fatar birnin New Orleans suka haifar. Ginshiƙan jaz guda biyu, wato kira da amsawa, da kuma ƙirƙira nan take a gaban jama'a, su ne dai ginshiƙan waƙar Shata. Yaron da ya tashi yana jin yadda Shata yake sakin gindin waƙa ya yi nisa sa'an nan ya komo ya kama shi daidai kan kiɗa, ya riga ya sami kunnen da zai fahimci kiɗe-kiɗen wasu ƙasashe.

Abin da ya shigar da Shata cikin gidaje shi ne rediyo. Tun da aka buɗe gidan rediyon Jihar Arewa a Kaduna a 1962, muryarsa ta zama abar ji yau da gobe, daga baya faifan garmaho da kaset suka ƙara yaɗa ta. Bayan sallar isha'i, a kan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a ajiye akwatin rediyo, tsoho ya ji yabon sarkinsa, uwargida ta ji maganar aure, samari su ji habaici su yi dariya. Ta wannan hanya Shata ya kawo wa mutanen karkara labarin duniya. Ya ƙarfafa gwiwar sojoji a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya yi kira a kan noma da neman ilmi, har ya yi wa kumbo Apollo 11 waƙa bayan Amurkawa sun sauka a kan wata a 1969. Shi kansa ya kai kalangu Gana da Nijar da Ingila da Amurka.

Duk da haka, ba kowace waƙarsa ce dattawa suka yarda yara su ji ba. Zambonsa yana da zafi, waƙar da ya yi wa mashaya kuma ta jawo masa suka daga malamai. Magidanta da yawa sukan rage murya in an zo irin waɗannan wurare. Wannan ma yana cikin amfanin sauraro tare, domin uba yana kusa, zai iya zaɓe, zai iya fassara karin magana, zai iya faɗin ko wane ne ake yabo da abin da ya aikata.

Gwamnatin Tarayya ta ba Shata lambar girma ta MON, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba shi digirin dakta na girmamawa a 1988. Ya taɓa siyasa, har ya shugabanci jam'iyyar SDP a Funtua a Jamhuriya ta Uku. Allah ya yi masa rasuwa a Kano a watan Yuni na 1999, aka binne shi a Daura, garin babban ubangidansa, Sarki Muhammadu Bashar.

Shata bai rubuta waƙoƙinsa ba. Abin da aka ɗauka a faifai da kaset, da wanda ya zauna a kan mutane, shi ne kaɗai ya rage, kaset kuwa yana lalacewa, tsofaffi suna tafiya. Yanzu da kowa yake sanye da abin sauraro a kunne shi kaɗai, nauyi ya rataya a wuyan hukumomin al'adu da jami'o'i su adana waɗannan muryoyi, iyaye kuma su riƙa zama da 'ya'yansu a saurara tare, a yi musu bayani. Allah ya jiƙan Alhaji Mamman Shata, ya gafarta masa kurakuransa, amin.