Wiliyam Harshel, Mabushin da Ya Zama Masanin Taurari

An haifi Wiliyam Harshel a birnin Hanoba na ƙasar Jamus cikin 1738. Ubansa mabushi ne a rundunar soja, shi ma ya gaji busa. Cikin 1757 ya ƙaura Ingila, daga baya ya zauna a garin Bath yana cin abinci da kiɗa.

Amma in dare ya yi, sai hankalinsa ya koma sama. Da ya ke babban madubin hangen nesa ya fi ƙarfin aljihunsa, sai ya riƙa narka ƙarfe yana gogewa da hannu har ya ƙera nasa. Ƙanwarsa Karolin ita ce ke rubuta abin da ya hango.

Ran 13 ga Maris, 1781, ya ga wani abu da ya zaci tauraro mai wutsiya ne. Sai da masu lissafi suka yi watanni suna bin tafiyarsa, sa'an nan aka tabbata ashe wata duniya ce mai kewaya rana, wadda a ke kira Yuranus. Sarki Joji na Uku ya yanka masa fam 200 a shekara, ya bar kiɗa.

Wani aikinsa ya fi wannan bukatar haƙuri. Sau da yawa akan ga taurari biyu dab da juna. To, abokan tafiya ne, ko kuwa ɗaya yana can baya da nisa, ido ne kawai ya haɗa su? In ka hangi mutum biyu a hanya, ai sai ka daɗe kana dubansu kafin ka san ko tafiyarsu ɗaya. Haka Harshel ya yi. Ya shekara wajen 25 yana awo, sai cikin 1803 ya bayyana cewa waɗansu, kamar tagwayen da a ke kira Kasto, kewaya juna su ke yi.

Cikin 1800 kuma ya rarraba hasken rana launi launi, ya sa ma'aunin zafi gaba da jan launi, ya gano akwai hasken da ido ba ya gani. Ya rasu cikin 1822, yana da shekara 83.

Aikinsa bai mutu ba. Sabuwar duniya tana da sauran zafi a jikinta, da wannan ɓoyayyen haske a ke hango ta. Cikin 2008 masana a tsibirin Hawai suka ɗauki hoton wata kusa da wani sabon tauraro, nauyinta kamar Jufita 8, nisanta da shi ya ninka namu da rana sau 330. Ba su tabbatar ba sai cikin 2010, da suka ga tare su ke tafiya.

'Yan'uwa masu shirin shiga aji, mu koya wa yara wannan hali. Gani ɗaya bai isa shaida ba, sai an sake dubawa.