André Raponda-Walker: Fadan da ya shafe rayuwarsa yana sauraron ƙabilun Gabon

Duk wanda ya fita daga Libreville ya kama hanyar Cap Estérias zai ratsa wani daji mai manyan itatuwa da ake kira Arboretum Raponda Walker. A Port-Gentil akwai makarantar sakandare mai wannan suna, a bangon littattafai da yawa na 'yan makaranta ma za a gan shi. Da yawa daga cikinmu mun saba da sunan, mutumin ne ba mu sani ba. Wani zai ce, to malam, ina ruwanmu da tarihin limamin coci? Amsata ita ce, tambayar da wannan dattijo ya shekara fiye da sittin yana bibiya tamu ce mu ma: yaya al'ummomin da ke maƙwabtaka, kowa da harshensa da al'adarsa, za su zama 'yan ƙasa ɗaya ba tare da wani ya yar da nasa ba?

An haifi André Raponda-Walker a Libreville ranar 19 ga Yuni, 1871. Mahaifinsa, Robert Bruce Napoleon Walker, Baturen Ingila ne, ɗan kasuwa mai yi wa kamfanin Hatton and Cookson aiki, kuma yana cikin Turawan farko da suka haura kogin Ogooué a shekarun 1860. Mahaifiyarsa Ikoutou 'yar ƙabilar Mpongwe ce, daga gidan sarauta. Kun ga tun daga tsatso yaron ya haɗa jini biyu da harshe biyu. Garin da ya buɗe ido a ciki ma haka yake. Akwai ƙauyukan Mpongwe na asali, waɗanda sunayen sarakunansu suka zama sunayen unguwanni har yau, irin su Louis da Glass da Quaben. Akwai bayin da Faransawa suka ƙwato daga jirgin ruwa suka zaunar a 1849, dalilin da ya sa aka raɗa wa garin suna birnin 'yantattu. Ga 'yan kasuwar Ingila da Jamus, ga kuma Fang da suka fara isowa bakin teku daga arewa.

Yana ƙarami aka kai shi Ingila, ya yi kamar shekara guda a Southampton, aka dawo da shi wurin dangin uwa. Daga nan ya shiga makarantar mishan ta Sainte-Marie, ya zarce makarantar horar da limaman coci. Ranar 23 ga Yuli, 1899 aka naɗa shi fada, ya zama ɗan Gabon na farko da ya kai wannan matsayi a cocin Katolika. Tun 1844 Fada Bessieux ya kafa mishan ɗin, ke nan sai da aka yi shekara 55 kafin ɗan ƙasa ya tsaya a inda Turawa ke tsayawa. Bishop na farko ɗan Gabon kuwa, François Ndong, sai a 1961 aka same shi. A daidai lokacin da André ke fara aiki, ƙasar nan tana riƙe da manyan baƙi biyu Musulmi da Faransa ta yi wa ɗaurin talala: Shehu Ahmadu Bamba na Senegal, wanda ya zauna a Mayumba da Lambaréné tsakanin 1895 da 1902, da Almami Samori Ture, wanda ya rasu a Ndjolé a 1900.

Aikin coci ya yi ta yawo da shi. Ya zauna a Sindara a gaɓar kogin Ngounié, ya yi Boutika a yankin kogin Muni, ya yi Donguila, da Lambaréné, da Saint-Martin a ƙasar Apindji, da Fernan-Vaz. Gaskiya ita ce 'yan mishan suna koyon harsunan mutane ne don su yi musu wa'azin addininsu, shi ma da wannan niyya ya fara. Sai dai shi bai tsaya a kalmomin wa'azi ba. Inda duk aka kai shi sai ya nemi tsofaffi ya zauna, ya tambaya, ya rubuta: daga ina kakanninku suka taso, wane kogi suka tsallaka, me kuke kiran wannan ganye, wa kuke aura, wa ya haramta gare ku. Takardu suka yi ta taruwa shekara da shekaru. Da ma an ce sannu ba ta hana zuwa.

Gabon ƙasa ce mai ƙarancin jama'a, amma harsunanta sun haura arba'in. Shi Raponda-Walker harshen uwarsa Mpongwe ne, ɗaya daga cikin rassa shida na mutanen da ake kira Myene: Mpongwe, da Orungu, da Galwa, da Nkomi, da Adyumba, da Enenga. Kowanne da garuruwansa da tarihin sarautarsa, amma suna jin maganar juna. Sunan Myene kansa ya samo asali ne daga kalmar da suke buɗe zance da ita, mai ma'anar ina cewa. Duk da haka ba komai suka haɗu a kai ba. Mpongwe ta wajen uba suke ƙirga dangi, kamar Fang da Kota, alhali 'yan uwansu Galwa da Nkomi ta wajen uwa suke bi, kamar Punu da Nzebi da Mitsogo na kudu. Wato za ka ga harshe ya haɗa wasu al'ada ta raba su, a wani wurin kuma al'ada ta haɗa waɗanda harshe ya raba. Wannan saƙa ce ya shiga warwarewa zare-zare.

A 1934 ƙamusunsa na Mpongwe zuwa Faransanci ya fito. Ya kuma rubuta nahawun harshen Mitsogo, mutanen da ba danginsa ba ne, zama da su ne kawai ya sa ya ƙware a harshensu. A 1960, shekarar da Gabon ta sami 'yancin kai, ya fitar da Notes d'histoire du Gabon, inda ya bi ƙabilu ɗaya bayan ɗaya yana kawo labarin ƙaurarsu da sarakunansu kamar yadda ya ji daga bakin dattawa. Mai karatu da natsuwa zai lura babu ƙabilar da labarinta ke tsayawa shi kaɗai. Ɗauki cinikin kogin Ogooué. Kaya ba sa tafiya daga teku zuwa cikin ƙasa a hannun mutum ɗaya. Orungu da Nkomi na bakin teku su miƙa wa Galwa da Enenga na wajen Lambaréné, su kuma su miƙa wa Okandé da Aduma, gwanayen tuƙa kwalekwale a inda ruwa ke da duwatsu. Gishiri da yadi da bindiga su haura, hauren giwa da roba su gangaro, har da bayi, abin takaici, a zamanin da ake wannan mugun ciniki. An yi yaƙi, an yi ƙawance, an yi auratayya, kowa ya ari kalma daga maƙwabcinsa.

A 1961 shi da wani masanin tsirrai Bafaranshe, Roger Sillans, suka wallafa Les plantes utiles du Gabon. A ganina wannan ne littafin da ya fi nuna irin tunaninsa. Kowace bishiya ya kawo sunanta na kimiyya, sannan ya jero sunayenta a harsunan ƙasar, da amfanin da kowace al'umma ke yi da ita, ko abinci ne, ko magani, ko sassaƙa. Ƙwallon mangwaron dajin nan da ake miya da shi, wanda a kasuwa muke ji ana cewa odika, sunan Mpongwe ne, Fang kuma ndok suke ce masa. Bishiyar okoumé da ta daɗe tana ciyar da tattalin arzikin ƙasar nan, a wurin Fang angouma ce. Suna daban-daban, daji ɗaya, tukunya ma kusan ɗaya.

Shekara guda bayan haka, a 1962, su biyun suka sake fitar da Rites et croyances des peuples du Gabon, kan tsafe-tsafe da aƙidun gargajiya. A nan ma iyakar ƙabila ba ta tare komai ba. Bwiti ya yi ƙarfi ne a tsakanin Mitsogo da Apindji, daga baya Fang suka ɗauke shi a farkon ƙarni na 20 suka yi masa nasu salon. Ƙungiyar maza ta Mwiri da ta mata ta Njembe ana samunsu a al'ummomi da dama masu harsuna daban. Waɗannan abubuwa ba addininsa ba ne, kamar yadda ba namu ba ne. Amma ya fahimci cewa sanin abin da maƙwabci ya yi imani da shi daban, binsa daban. Wanda bai san abin da ke zuciyar maƙwabcinsa ba, ko ya raina shi ko ya ji tsoronsa, kuma duka biyun ba sa gina unguwa.

Akwai wata al'ada a kudancin Gabon da ke burge ni ƙwarai. Dangogin wata ƙabila suna da takwarorinsu a ƙabilar da ke kusa, suna daban amma ana ɗaukarsu jini ɗaya. Matafiyi in ya sauka a garin da ba nasa ba sai ya faɗi danginsa, a nuna masa gidan da ya dace da shi, a karɓe shi a matsayin ɗan uwa. Mu Hausawa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Muna da taubasantaka da wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarabawa, Kanawa da Zazzagawa. Muna da zango, inda baƙo ke samun mai masauki kafin ya samu ciniki. Hatta tatsuniyoyin da ya tattara a Contes gabonais, wanda ya fito a 1967, duk wanda ya tashi da labarin Gizo da Ƙoƙi zai gane su: kunkuru mai wayo yana juya damisa mai ƙarfi, labari ɗaya na yawo daga harshe zuwa harshe yana sake riga.

Ku duba shekarun nan da kyau. Littafin tarihi ya fito yana da shekara 89, na tsirrai yana da 90, na tatsuniyoyi yana da 96. A lokacin ya dawo Libreville da zama, an kuma ba shi laƙabin girmamawa na Monseigneur. Ya rasu ranar 11 ga Disamba, 1968, yana da shekara 97. Bayan rasuwarsa aka kafa gidauniya da sunansa a 1993, wadda ta ci gaba da buga rubuce-rubucen da ya bari, ciki har da ƙamus na ma'anar sunayen mutanen Gabon. Ita ce kuma ta fitar da littattafan Rapidolangue don koyar da harsuna irin su Fang da Punu da Nzebi da Myene a makarantu.

Aikinsa ba ya rasa gurbi. Da Faransanci ya rubuta, don haka yawancin tsofaffin da suka ba shi labari ba su iya karanta abin da ya fito daga bakinsu ba. Da idon limamin coci ya kalli wasu al'adun, kuma masana na baya sun yi gyara a wurare. Duk da haka har gobe wanda zai yi bincike kan al'ummomin ƙasar nan sai ya bi ta kansa, don da yawa daga cikin waɗanda ya saurara sun tafi da abin da suka sani, sai abin da ya rubuta ya rage.

To, ina mu a cikin wannan labari? Kakannin Hausawan Gabon fatake ne da suka gangaro ta Kamaru suka zauna a Woleu-Ntem, a Bitam da Oyem da Minvoul, cikin Fang. Sun yi ciniki, sun yi aure, sun haifi 'ya'ya da jikoki waɗanda ba su da wata ƙasa sai wannan. Daga baya wasu suka iso daga Nijar da Najeriya da Cadi. Sunan Bahaushe ma a nan babbar rumfa ce, a ƙarƙashinta akwai mai jinin Fulani, akwai Babarbare, akwai wanda kakarsa Fang ce. Muna da dattawan da in sun juya harshe zuwa Fang ba ka bambanta su da ɗan gari. Su ne shaidar cewa mutum zai iya riƙe sallarsa da harshensa, ya kuma zama ɗan gida a wurin maƙwabta.

Abin da ke damuna a matsayina na malamin makaranta shi ne abin da nake gani a aji. Yaranmu da yawa Faransanci kaɗai ya rage musu. Hausar ta tsaya a gaisuwa, harshen maƙwabta kuwa ko gaisuwar babu. Haka abin yake ga ɗan Punu da ɗan Fang da suka tashi a Libreville, ciwon na kowa ne. Bambancin shi ne su an riga an rubuta musu wani abu, yaro in ya girma ya ji ƙishi zai sami ƙamus da littafin tarihi. Ɗanmu in an ce masa baƙo ne a filin wasa, me zai buɗe ya nuna?

Raponda-Walker bai mallaki na'urar ɗaukar murya ba, alƙalami da takarda da haƙuri kawai ya riƙe. Mu yau kowa da waya a aljihu. Duk mai kaka ko kakan da ke raye ya zauna da su ya tambaya: wace hanya aka biyo, wa ya fara ba mu masauki, wa ya ba da filin masallaci, wace mata ce ta fara shigowa gidanmu daga wata ƙabila. A ɗauka, a rubuta, da boko ko da ajami, a ajiye. Makarantun allo da na Islamiyya su ware ɗan lokaci don Hausa. Kuma kowa ya koyi gaisuwa da ta'aziyya da barka a harshen wanda ke kusa da shi, ko a unguwa ko a rumfar Mont-Bouët, don zumunta a ƙafa take, a baki ma take. Allah Ya halicce mu al'ummomi da ƙabilu don mu san juna, Ya ba mu ikon cika wannan.